Tsokaci a kan "Tatsuniyoyi da Wasanni" na Ibrahim Yaro Yahaya da Matsayinsa a Ilimin Yara

Gabatarwa

Manufar wannan muƙala ita ce duba jerin littattafai shida na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya masu suna "Tatsuniyoyi da Wasanni", waɗanda kamfanin Oxford ya fara bugawa a Ibadan a farkon shekarun 1970. Za a auna su ta fuskar tambaya guda: shin suna sa yaro ya ƙago nasa, ko kuwa haddace na wani kurum suke sa shi?

Abin da Marubucin ya Cim ma

Kafin Yahaya an sha tattara tatsuniyoyin Hausa. Akwai "Magana Hausa" na J. F. Schön (1885) da kundaye uku na Frank Edgar (1911 zuwa 1913). Sai dai an yi waɗannan ne domin Turawa masu koyon harshe da masu bincike. Yahaya ne ya juyo da akalar zuwa ga masu abin, wato yara. Hausarsa mai sauƙi ce, jimlolinsa gajeru, kuma ya bar wa tatsuniya maimaicinta da 'yan waƙoƙinta. Wannan maimaici ba kasawa ba ce. Shi ne ke bai wa yaro damar cankar abin da zai biyo baya, har ya riga mai ba da labari faɗa.

Hikimarsa mafi girma ita ce haɗa tatsuniya da wasa a littafi ɗaya, kamar yadda suke a haɗe a dandali. Tatsuniya tana horar da kunne da tunani, wasa kuwa yana horar da jiki da murya da zama da jama'a. Yarinyar da ke ba da waƙa a gaɗa, ana amsa mata, dole ta ƙago ɗango nan take wanda zai hau kari. Adabi ke nan take yi tun ba ta san sunansa ba.

Wasu na sukar Gizo, wai yana koya wa yara ƙarya da haɗama. Wannan suka ba ta yi zurfi ba. Yaron da ke dariyar tsamin bakin Gizo yana kuma yanke masa hukunci, yana auna inda wayo ya ƙare zalunci ya fara. Tauraro marar aibi ba ya bai wa yaro wannan aiki.

Inda Gizo ke Saƙa

Raunin littattafan shi ne raunin takarda. Rubutu ba ya ɗaukar karin murya, ko tafi, ko shirun da kaka ke yi don ta ja ran jikoki. Bugu da ƙari, tatsuniyar da ke da fuskoki goma a bakin jama'a takan koma mai fuska ɗaya da zarar an buga ta. Daga nan malami ya mayar da ita darasin auna fahimta, yaron da ya kawo yadda aka faɗa masa a gida a ce ya yi kuskure.

Wannan matsala ta fi fitowa fili a Maiduguri, inda yaro ke tashi da Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Babur ko Margi a gida, sannan ya haɗu da 'yan'uwansa cikin Hausa a Gwange ko Hausari. Yana shigowa aji da taskar labarai wadda babu ita a littafin. Haka kuma rikicin da ya ɓarke a 2009 ya raba dubban yara da ƙauyukansu da kakanninsu, dokar hana fita da dare kuma ta daɗe tana rufe dandali. Ga yara da yawa, aji ne kaɗai dandalin da ya rage.

Kammalawa

Tarihi yana da abin tuna mana. Kaso mai yawa na "Magana Hausa" ya fito ne daga bakin Dorugu, yaron da aka bautar a Kukawa, Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Ke nan yaro yana cikin waɗanda suka aza harsashin rubutaccen zuben Hausa na boko. Saboda haka ya kamata malami ya ɗauki littattafan Yahaya a matsayin iri, ba girbi ba: a karanta tatsuniya a rufe littafi, yara su kwaikwaye ta, su zana ta, su sauya mata ƙarshe, su kawo takwararta daga harshen gida. Ɗalibanmu na sashen Hausa, waɗanda da yawansu aji za su koma, su ne wannan nauyi ya hau kansu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.