Zane da Allura: Haƙƙin Mai Zane a Surfanin Damagaram

Duk wanda ya ratsa unguwar Zango a Damagaram, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne fuskokin gidaje. Tun zamanin da ayarin Abzinawa da fataken Arewa ke sauka a wajen ganuwar Birni, wadda aka ɗaukaka a mulkin Sarki Tanimun, attajiran Zango sun saba ƙawata ƙofofinsu da zane mai tudu: dagi, da'ira, takobi da sauransu. Waɗannan siffofi dangin juna ne da waɗanda ake gani a wuyan babbar riga da jikin hula. Magini da maɗinki sun daɗe suna aro a hannun juna ba tare da husuma ba. Yanzu kuwa keken surfani mai aiki da kwamfuta ya shigo, wayar hannu tana ɗaukar hoton kowane zane cikin ƙiftawar ido, don haka tambayar wane ne mai zane ta zama tambayar wa zai ci abinci da shi.

Masu kwafa suna da hujja guda da suke yawan kafawa, cewa zane gado ne, gado kuwa na kowa ne. Maganar tana da gaskiya a wani ɓangare. Aska biyu, aska takwas, tambari da dagi sun girmi kowane maɗinki mai rai, kuma ana samun su a rigunan Zariya, Kano da ƙasar Nufe kamar yadda ake samun su a Damagaram. Ba wanda zai ce shi ya ƙago su. Sai dai hujjar tana ɓoye wani mutum da sana'ar ba ta tafiya sai da shi, wato mai zane. Kafin allura ta taɓa ƙyalle, shi ne yake zaunawa ya fitar da fasalin aikin da alƙalami, ya auna, ya daidaita, ya zaɓi inda launi zai haɗu da launi. David Heathcote, wanda ya nazarci surfanin Hausa daga jami'ar Zariya a shekarun 1970, ya nuna cewa masu zane suna ƙirƙira, kuma kowannensu yana da hannunsa. Kalmomin harshe na kowa ne, amma waƙar da aka tsara da su tana da mai ita. Haka aska da dagi suke ga sabon zanen hula.

A nan doka ta fi al'adar kasuwa adalci. Yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda Nijar take cikinta, ta tanadi cewa haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an ƙirƙiri aiki, ba sai an yi masa rajista ba. Ta kuma ba mai aikin ikon hana a kwafe shi ko a juya shi zuwa wata siffa sai da izininsa. Saboda haka ɗauko hoton wani mai zane daga intanet, ko sabon adon da magini ya tsara a bango, a mayar da shi zare a kan shadda, kwafi ne. Sauya launi biyu ko uku ba ya wanke shi. Abin da doka ba ta karewa shi ne ra'ayi da salo: kowa yana iya yin dagi, amma ba kowa ne zai sayar da dagin da wani ya sarrafa ba. A cikin gida, dokar 1993 kan haƙƙin mallaka ta ba da wuri ga dokar 23 ga Disamba 2010, wadda ta haɗa har da kare gadon al'adun gargajiya. Ofishin BNDA ne ke kula da wannan fage, sannan akwai ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, da aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, inda ake rajistar zanen kayan masana'antu.

Amma dokar ma tana da nata rauni, kuma wajibi ne a faɗe shi. An gina ta ne a kan marubuci ko mawaƙi mai suna a bangon littafi ko faifai. Hula kuwa takan bi hannu uku ko huɗu: mai zane, matar da ta yi makonni tana ɗinki a cikin gida, mai wanki da bugu, sai ɗan kasuwa. Babu sa hannu, babu kwanan wata. Ranar da aka kai ƙara, da me mai zane zai nuna shi ya riga? Har ila yau, kariyar gadon gargajiya tana ratsawa ne ta hannun hukuma, ba ta hannun unguwar da ta raya zanen ba. Idan ba a yi hattara ba, sai a maimaita zancen kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya faru a Mekziko ya isa darasi. A 2015 al'ummar Mishe ta garin Tlahuitoltepec ta zargi kamfanin Isabel Marant na Faransa da ɗaukar surfanin rigar matansu. Abin da ya ba muryarsu ƙarfi shi ne sun yi magana da baki ɗaya, kuma suna iya nuna asalin zanen. A 2022 ƙasar ta kafa dokar da ta amince cewa al'umma ce mai irin wannan gado. Nijar kanta ta san hanyar, tun da kilishi da albasar Galmi sun sami rajistar asali a OAPI.

Saboda haka aikin yana wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Makarantu suna iya sa ɗalibai su tattara zanen gidajen Zango da sunayen maginansu kafin damina da siminti su shafe su. Ƙungiyoyin maɗinka suna iya buɗe kundi, inda kowane mai zane zai ajiye sabon aikinsa da sunansa da ranar da ya yi shi, a gaban shaidu. Ƙungiyar da za ta ɗinka tambari ko hoto a rigunan taro ta fara neman izini a rubuce, ta biya, ta ambaci mai aikin. Wanda ya kwafi zane don koyo a gaban maigidansa yana kan tafarkin magabata. Wanda ya kwafa ɗari-ɗari don kasuwa bashi ya ɗauka. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma garin da masu zanensa suka ajiye alƙalami don ba ya ciyar da su, nan gaba ba zai sami abin da za a kwafa ba.