Da'ira Tukuna, Ido Daga Baya

Ba wa yaro fensir da takarda ka ce ya zana maka Tom ko Jerry, za ka ga da ido zai fara. Zai duƙufa a kansa, ya yi masa gira, ya cike ƙwayar da baƙi, sannan ya koma ɗaya idon, wanda da wuya ya zo daidai da na farko. Kafin ya kai ga ƙafafu takarda ta ƙare, sai ya cusa su a ɗan wurin da ya rage. Gwanin zanen katun kuwa hannunsa shawagi yake fara yi a saman takarda, ya zagaya sau uku ko huɗu bai taɓa ta ba, sannan ya sauke bakin fensir a hankali ya bar wata da'ira dishi-dishi, wadda sai ka matso za ka gan ta. Ya ƙara wata a ƙasanta. Ya ja layi ɗaya lanƙwasasshe ya ratsa su biyun. Babu ido, babu baki, babu gashi ko sili ɗaya, amma wanda ya san aikin ya riga ya gane ko gudu halittar take yi ko rakuɓewa ta yi don tsoro.

Wahala ce ta haifi wannan tsari. Fim mai sauti hoto 24 yake ci a kowace daƙiƙa. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu, kamar yadda aka saba yi don rage aiki, ana bukatar zane 12 a daƙiƙa guda, fim na minti bakwai kuwa sai ya lashe zane sama da 5,000, kowanne da hannu. Wanda ke gaban irin wannan tulin aiki ba ya da lokacin ƙirga gashin gemun kyanwa. Lokacin da Otto Messmer ya fito da baƙar kyanwar nan Felix a New York a 1919, jikinta duk tsini ne da kusurwa, da dogon baki. A 1924 wani mai zane mai suna Bill Nolan ya mulmule ta, ya mai da kai da gangar jiki zagayayyu. Aiki ya yi sauri, kyanwar ta ƙara farin jini. Dalilin a fili yake: abu mai kusurwa, da zarar ya juya, sai an sake lissafin kowane gefe nasa, amma ƙwallo duk inda ka juya ta ƙwallo ce. Ga kuma wani amfanin: masu zane goma za su iya raba fim ɗaya a tsakaninsu, kowa ya ja da'irarsa, a haɗa ba a gane inda hannun wannan ya tsaya na wancan ya ɗauka ba.

Wanda ya kai wannan dabara matuƙa shi ne Ub Iwerks, mutumin da sunansa bai yi yawo a duniya kamar na abokinsa Walt Disney ba, alhali fensirin a hannunsa yake. A farkon 1928 Disney ya rasa zomon da yake cin abinci da shi, Oswald, domin haƙƙin mallakarsa na kamfanin Universal ne, kuma dillalin finafinan, Charles Mintz, ya janye masa yawancin ma'aikata. Iwerks bai bi su ba. Shi ya zauna ya fitar da siffar Mickey Mouse, ya kuma zana fim ɗinsa na farko, Plane Crazy, kusan shi kaɗai. An ruwaito cewa yakan yi zane har 700 a yini. A ranar 18 ga Nuwamba ta wannan shekarar aka nuna Steamboat Willie a New York, da sauti, ɓera ya shiga duniya.

Dubi Mickey na wancan zamani da kyau, ka ƙirga abin da aka kashe a kansa. Babbar da'ira ɗaya ce kai. Ƙanana biyu kunnuwa. Wata da'irar ita ce gangar jiki, maɓallan wandonsa ma zagayayyu ne. Hannuwa da ƙafafu kuwa ba gwiwa ba gaɓa, suna lanƙwasa ta ko'ina, shi ya sa masu sana'ar suka riƙa kiran salon da sunan tiyon roba. Yatsu huɗu aka ba shi maimakon biyar, don biyar sun yi cunkoso a ɗan ƙaramin hannu, kuma yatsa ɗaya da aka rage a zane dubbai ba ƙaramin lokaci ba ne. Farar safar hannun da aka san shi da ita sai a 1929 ta zo, ita ma ba don ado ba: jikinsa baƙi ne, idan ya ɗora baƙin hannu a kan baƙin ƙirji sai hannun ya ɓace. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kunnuwan. Ko gaba ya fuskanta ko gefe, kullum cikakkun da'ira biyu ne suna kallonka; idan ya juya gefe sai ɗaya ta zame tsakiyar ka, ɗaya ta gangara ƙeya. Babu dabbar da Allah ya halitta mai irin wannan kunne. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ido ya karɓe ta shekara kusan ɗari bai yi gardama ba.

To, a nan ne masu koyo da yawa ke yaudarar kansu. Suna jin an ce "da'ira ce kawai" sai su ɗauko murfin kwalba su zagaye, su liƙa ido biyu a tsakiya, su yi mamakin yadda abin ya fito a shimfiɗe, ba rai. Gwani idan ya ja da'ira, ƙwallo yake gani, mai gaba da baya da ƙasa da bisa. Littafin da ya fi kowanne koyar da wannan shi ne na Preston Blair, wanda ya yi aiki a fim ɗin Fantasia na Disney, sannan ya koma kamfanin MGM ƙarƙashin darakta Tex Avery. Ya fito a 1947, siriri ne mai faɗin shafi, kuma bugun farko da taurarin MGM ya yi misalai, har da Tom da Jerry, kafin batun haƙƙin mallaka ya sa ya sake zana su da wasu fuskokin. Har yau ana ba ɗalibai shi su kwaikwaya shafi-shafi.

Darasinsa na farko kowa zai iya gwadawa a gida. Samo lemo da biro. Ja layi ya zagaye lemon daga sama zuwa ƙasa, ka ja wani ya zagaye shi ta ƙugu. Inda suka gitta juna, nan ne tsakiyar fuska, mazaunin hanci. Yanzu karkata lemon ya dubi ƙasa: layin ƙugu zai lanƙwasa ya sauko, goshi ya yi faɗi, wurin haɓa ya matse. Juya shi hagu: layin tsaye zai koma gefe, rabin fuska na nesa ya tsuke. Waɗannan layuka biyu su ne mai zane ke fara ɗorawa a kan da'irarsa. Idanu a kan layin ƙugu suke zama, ɗaya kowane gefe na layin tsaye, kuma na nesa dole ya fi na kusa ƙanƙanta, don yana shirin ɓuya a bayan ƙwallon. Kumatu da baki wani ɗan ƙwai ne da ake mannawa a ƙasa. Kunnuwa ana dasa su ne a jikin ƙwallon, har da na bayan da ba a ganin gindinsa. Da haka mutum zai zana fuska ɗaya ta fuskoki ashirin, ta ci gaba da zama ita ce. Kamar azara ce a rufin soro: idan an gama yaɓe ba mai ganinta, amma ita ke riƙe da komai. Daga ƙarshe a bi layukan da ake so da tawada, a goge sauran.

Sai batun awo, wanda a ganina shi ne zuciyar sana'ar. Masu zane da kai suke auna jiki. Baligin mutum tsawonsa kai bakwai ne zuwa takwas. Tauraron katun da ake so a ji tausayinsa ko a so shi, kai biyu ne zuwa uku. Sauke layin idanu ƙasa da tsakiyar ƙwallo, ka bar goshi ya yi tudu, ka ƙara girman ido, ka rage haɓa, nan take ka sami jariri. Ɗaga layin sama, ka ƙanƙance ido, ka faɗaɗa muƙamuƙi, ga ƙaton mugu ya fito, alhali da'irar ba ta canza ba. Tazarar da ke tsakanin fuskokin nan biyu ba ta wuce faɗin ɗan yatsa a takarda ba. Masanin ɗabi'ar dabbobi Konrad Lorenz ya daɗe da bayyana cewa babban kai da manyan idanu da gajerun gaɓoɓi suna tayar wa mutum da jinƙan da yake yi wa jarirai. A 1979 Stephen Jay Gould na Jami'ar Harvard ya ɗauki ma'auni ya bi hotunan Mickey na shekara hamsin, ya nuna cewa kansa da idanunsa sun yi ta girma a kan jikinsa: yana tsufa a shekaru, yana komawa yaro a fuska. Babban mai hannu a wannan sauyi shi ne Fred Moore, wanda a ƙarshen shekarun 1930 ya sauya masa gangar jiki daga da'ira zuwa siffar fiya, mai nauyi a ƙasa, wadda ke iya lanƙwasa da murɗewa.

Siffofin kansu suna magana tun kafin a sa musu fuska. Zagayayye yana nuna laushi da sauƙin kai, murabba'i nauyi da taurin kai, alwatika kuwa kaifi da haɗari. Dubi Jafar na fim ɗin Aladdin na 1992, daga kafaɗa har gemu tsini ne. A fim ɗin Up na kamfanin Pixar, na 2009, tsoho Carl kansa murabba'i ne, tabaraunsa ma haka, mutum ne da ya kafe wuri ɗaya ya ƙi motsi, yaron da ya zo ya dame shi kuwa, Russell, siffar ƙwai gare shi. Sai dai kada a ɗauki wannan a matsayin doka. Dan Povenmire ya zana wani yaro mai kan alwatika a jikin takardar shimfiɗar tebur a gidan cin abinci, ya zama Phineas na shirin Phineas and Ferb, kuma babu yaro mai fara'a kamarsa. Littattafan koyarwa da ke jera wa ɗalibi ma'anar kowace siffa kamar jadawalin lissafi sun cika zaƙewa.

Akwai gwajin da ba ya ƙarya. Cike zanenka duka da baƙi, ya zama inuwa zalla. Idan har ana gane ko wane ne, ana kuma gane abin da yake yi, ginin ya yi kyau. Idan ya zama dunƙulen da ba a san kansa da gindinsa ba, yawan ado ba zai cece shi ba. Matt Groening da gangan ya tsara iyalin The Simpsons yadda za a gane kowa daga inuwarsa. Masu zanen barkwanci a jaridunmu, irin su Mustapha Bulama na Daily Trust, da wannan idon suke kallon 'yan siyasa: karin hula, faɗin kafaɗa, tudun ciki, ka gane mutum tun ba ka karanta sunansa ba.

Wancan lanƙwasasshen layi da ke ratsa da'irori kuwa, shi ke ɗauke da motsi. Mai murna layinsa baya yake bankarewa, mai baƙin ciki gaba yake rusunawa, mai gudu ya karkata har kamar zai faɗi. A kamfanin Disney akwai atisayen da ya shahara: a zana buhun fulawa da aka cika rabi, ba ido ba baki, sai kusurwoyinsa huɗu a matsayin hannu da ƙafa, a sa shi ya yi fushi, ya ji kunya, ya yi taƙama, ya yi dariya. Frank Thomas da Ollie Johnston sun kawo shi a littafinsu The Illusion of Life na 1981. Sharaɗin ɗaya ne: buhun zai iya lotsewa ya baje, zai iya miƙewa ya sirance, amma fulawar da ke ciki ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Idan kan Tom ya baje a ƙarƙashin guduma, faɗin da ya ƙara shi ke rama tsawon da ya rasa, shi ya sa muke jin nauyin dukan har mu runtse ido.

Kada ƙarancin layi ya ruɗi kowa. Charles Schulz ya zana Peanuts shi kaɗai daga 1950 zuwa 2000, zubi 17,897, kuma kan tauraronsa Charlie Brown da'ira ce da ɗigo biyu da ɗan lanƙwasan hanci. Gwada kwaikwayonsa ka gani. Mai zana zaki da gashi dubu yana da wurin ɓoye kuskure. Mai layi shida, idan ɗaya ya goce kaɗan, wani yaron daban ya zana.

Saura abin da hannu ke koya da kansa. Da'ira daga kafaɗa ake jan ta, ba daga wuyan hannu ba, da sauri kuma, don jinkiri ke sa layi rawa. Fensir a riƙe shi sako-sako, nesa da baki, kada a danna har sai an tabbatar da layin da za a bari. Ƙwararru da yawa da shuɗin fensir suke yin ginin ciki, saboda na'urorin ɗaukar hoto na da ba sa kama shi sosai, masu aiki da kwamfuta kuma su yi shi a shafi daban su kashe shi daga baya. Idan an gama, a juya takardar a ɗaga ta ga haske, a dubi zanen ta baya, ko a nuna shi ga madubi. Ido yakan saba da karkatar da hannu ya yi har ya daina ganinta. Ta baya ne za a ga ido ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko kai ya zame daga kan wuya, sai a koma kan da'irar a gyara daga can.