4.2 Zanen Motoci da Waƙa a Ɗakin Baje Koli

A Kwanar Ɗangora ana ganin manyan motocin da ke bin hanyar Tudun Wada da Doguwa zuwa Jos, ɗauke da zanen zaki ko dawisu da rubutun kirari. Aikin wannan zane shi ne kambama direba da sana'arsa, wato irin aikin da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi da kuntigi a "Waƙar Karen Mota". Saboda haka, idan aka rataye allon mota a ɗakin baje koli irin na Gidan Makama ba tare da waƙa ba, an tauye ma'anarsa. Mai kallo zai ga launi, amma ba zai gane wanda ake kambamawa ba.