Ma'aunin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa

A gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira tayirod. Ita ke samar da sinadaran homon guda biyu, T4 da T3, masu tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki. In sun yi yawa a jini sai mutum ya rame, hannu ya riƙa rawa, zuciya na dukan uku-uku. In sun yi kaɗan sai kasala da jin sanyi. Tazarar da ke tsakani siririya ce, amma jikin mai lafiya yana riƙe da ita shekara da shekaru.

Gwanar wannan aiki ita ce fitutari, wadda ke maƙale a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, nauyinta kamar rabin giram. Dare da rana tana auna jinin da ke ratsa ta. Da ta ji homon ya ja baya sai ta saki nata sinadarin, TSH, ya je ya zaburar da tayirod. Da homon ya ƙaru sai fitutari ta sassauta. Haka mai lambu yake yi a fadama: ya buɗe wa fangali ruwa, in ya ƙoshi ya toshe. Abin da ya fi burge ni shi ne, abin da aka nema da kansa ne yake dawowa ya ce a dakata.

Akwai kuma tanadi. Fiye da kashi 99 cikin 100 na homon ɗin yana yawo ne a ɗaure jikin furotin, ana sakinsa kaɗan-kaɗan. Hanta da ƙoda kuwa suna mayar da T4 zuwa T3, wanda ya fi ƙarfi.

Maƙoƙo ma daga wannan tsari yake fitowa. Tayirod ba ta iya aiki sai da aidin, kimanin maikrogiram 150 a rana ga baligi. In babu shi, homon ya yi ƙasa, fitutari ta yi ta matsa mata lamba, ita kuwa ta yi ta girma har wuya ya kumbura. Dalilin zuba aidin a gishirin girki ke nan.

Wannan awo da fitutari ke yi shi ya sa likita kan fara da gwajin TSH. In ya hau, alamar tayirod ta gaza. In kuma an sauya wa mai ciwon tayirod yawan magani, akan jira kamar mako shida kafin a sake aunawa, don T4 yana daɗewa a jini.