Jinjina ga Martin Offiah, Gwanin Gefe

A zari-ruga na 'yan 13, ɗan gefe kan daɗe a bakin layi, ruwa na dukansa, ƙwallo ba ta zo ba. Idan ta zo kuwa, babu uzuri.

Nan Martin Offiah, haifaffen Landan da iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ciri tuta. A 1992 Wigan ta saye shi daga Widnes kan fam 440,000, ya dire ƙwallo sau 10 a wasa ɗaya da Leeds. A wasan ƙarshe na Challenge Cup a 1994 ya karɓi ƙwallo kusa da gidansu, ya ratsa tsakiya, ya kewaye mai tsaron baya kamar barewa, ya dire a kusurwa. Ci sama da 500 a tsawon rayuwarsa ta wasa! Mutum-mutuminsa na Wembley, wallahi ya cancance shi.