Giya da Ƙwayar Likita: Sharhi a kan Littafin William Styron, *Darkness Visible*

Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo littafin Ba'amurke cikin mujallar Ƙungiyar Hausa? Amsa ita ce, ɗan littafin nan ya taɓo wani al'amari da adabinmu yake kewaye shi kamar yadda ake kewaye rijiya da dare, watau halin mutumin da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama, yana hannun likita, kuma ga kwalba a gefe. Manufar wannan sharhi ita ce a yaba wa marubucin inda ya cancanci yabo, sa'an nan a nuna inda ya yi wa giya sassaucin da zai iya cutar da mai karatu.

Marubucin da littafinsa

An haifi William Styron a jihar Bajiniya ta Amurka a 1925, ya rasu a 2006. Ya yi suna da ƙagaggun labarai irin su *The Confessions of Nat Turner* na 1967, wanda ya ci masa kyautar Pulitzer, da *Sophie's Choice* na 1979. Shi kuwa wannan littafi labarin kansa ne. Asalinsa lacca ce da ya gabatar a Jami'ar Johns Hopkins a 1989, aka faɗaɗa ta aka buga a mujallar *Vanity Fair* a ƙarshen shekarar, kana ta fito a matsayin littafi a 1990. Bai kai shafi ɗari ba.

Labarin ya buɗe ne a birnin Faris cikin Oktoba 1985, inda Styron ya je karɓar wata babbar kyautar adabi mai suna Cino del Duca. Ranar da ya kamata ta zama ta farin ciki, sai ga shi ya rikice, har ya nemi ya ƙi halartar liyafar da aka shirya dominsa. Daga nan ya komo da mu baya, ya nuna yadda abin ya faro. A farkon bazarar shekarar, yana da shekara 60, jikinsa ya ƙi giyar da ya yi shekara 40 yana sha. Ko kurɓa ya yi sai tashin zuciya. Bayan haka barci ya ƙaurace masa, tsoro ya shige shi, har ya kai ga shirin kashe kansa. A Disamba aka kwantar da shi asibiti, ya yi kusan mako 7, ya fito da sauƙi.

Inda ya yi fice

Babban jigon littafin shi ne cewa ciwon damuwa ciwo ne na gaske, ba ragwanci ba, kuma ana warkewa. Styron ya isar da wannan jigo da salo mai nauyi amma ba tare da neman tausayi ba. Ya yi ƙorafi cewa sunan da Turawa suka ba ciwon ya yi masa kaɗan, bai nuna azabarsa ba. Wannan ƙorafi ya shafe mu. Idan Bahaushe ya ce yana da damuwa, sai a ce masa ya yi haƙuri, kowa ma yana da ita, domin da kalmar nan muke kiran rashin kuɗin makaranta da kuma ciwon da ke hana mutum tashi daga shimfiɗa wata uku. In kuwa aka tsallake damuwa, sai hauka. Tsakanin biyun nan akwai fili mai faɗi da harshenmu bai gama raɗa wa suna ba.

Haka kuma ya yi gaskiya game da likitansa, wanda ya ɓoye sunansa ya kira shi Dakta Gold. Likitan ya ba shi shawarar ya guji asibiti saboda abin da mutane za su ce, alhali asibitin ne ya cece shi. Duk wanda ya ga yadda ake ɓoye mai taɓin hankali a ƙuryar ɗaki don gudun abin kunya, zai gane wannan babi ba tare da tafinta ba.

Inda ya yi tuntuɓe

Matsalar littafin tana wajen siffanta giya. Styron ya zana ta ne a matsayin aminiya. A faɗarsa, bai taɓa rubutu cikin maye ba, amma giya da kiɗa su ne ke buɗe masa ƙofar tunani, kuma ita ce garkuwarsa daga fargaba. Ya yarda cewa giya kan danne ƙwaƙwalwa, sai dai ya ce shi ba ta taɓa jefa shi cikin ƙunci ba. Saboda haka a zubin labarin, bala'i ya shigo ne ranar da aminiyar ta juya masa baya. Mai karatun da bai yi hattara ba zai rufe littafin yana zaton barin giya ne laifin, ba shan ta ba.

To, a nan ne ya kamata mai nazari ya yi wa marubucin tambayar da bai yi wa kansa ba. Shi da kansa ya faɗa cewa tun kafin 1985 wani likita ya rubuta masa ƙwayar Ativan don barci, ya nuna masa cewa ba ta fi asfirin haɗari ba. Daga baya ya koma Halcion. Idan kuwa sai a bazarar 1985 ya bar giya, ashe ke nan akwai lokacin da kwalba da ƙwaya suke haɗuwa a cikinsa. Littafin ya zargi likitan, ya zargi ƙwayar, amma bai tsaya a kan wannan haɗuwa ba ko kaɗan. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ativan da Halcion da Valium duk 'yan gida ɗaya ne. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira GABA, aikinsa shi ne taka wa jijiyoyi birki. Waɗannan ƙwayoyi suna ƙarfafa birkin ne, giya ma haka. In an haɗa su, kamar mutum biyu ne suka taka birki ɗaya: barci mai nauyi, mantuwa, tangaɗi, wani lokaci numfashi ya yi ƙasa har ya tsaya. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwar da ta saba da birki shekara da shekaru takan ƙara wa kanta wuta don ta daidaita. Ranar da aka ɗage birkin gaba ɗaya, sai rawar jiki da fargaba da rashin barci, har da farfaɗiya ga wanda ya yi nisa. Shi ya sa likitoci ke amfani da ƙwayoyin gidan Valium, da awo kuma na 'yan kwanaki, wajen yaye mashayi. Watau garkuwar da Styron yake yabo ita ce ta rene fargabar da take kare shi daga gare ta. Kuma da aminiyar ta tafi, ƙanwarta ce ta gaje ɗakin.

Don a yi masa adalci, ya bayyana cewa a asibiti an gano yana shan Halcion ninki uku na abin da aka saba bayarwa, kuma da aka sauya masa magani tunanin kashe kai ya ja baya. A 1991 Ingila ta hana sayar da wannan ƙwaya. Ya kuma kawo wasu dalilan ciwon: mutuwar mahaifiyarsa yana yaro, da irin wannan ciwo da mahaifinsa ya yi. Duk wannan daidai ne. Amma shekara 40 na sha ba su sami ko shafi guda na tuhuma ba. Sai a 2011, da 'yarsa Alexandra ta fitar da nata littafin, *Reading My Father*, aka ga aminiyar daga ɓangaren iyali, inda ta bayyana da fushi da tsawa a cikin gida.

Abin da ya shafe mu

Adabinmu ya daɗe yana yaƙi da giya. Waƙar Mu'azu Haɗeja a kanta da wasan *Uwar Gulma* na Mohammed Sada duk sun nuna mashayi a matsayin ɓatacce mai rusa gida. Wannan gargaɗi yana da amfaninsa, amma shi ma ya bar giɓi. Styron ya ga mara lafiya bai ga laifin kwalba ba, mu kuma mun ga laifin kwalba ba mu ga mara lafiyar da ke bayanta ba. Sakamakon haka, ɗalibin da likita ya ɗora a kan magani, in yana kurɓawa a ɓoye, kunya za ta hana shi faɗa. Ga shi kuwa likita na bukatar sani. Largactil da amitriptyline, in suka haɗu da giya, suna ƙara nauyin barci da jiri. Mai shan lithium, in giya ta ƙone masa ruwan jiki, maganin na iya taruwa a jininsa ya zama guba. Nardil, wanda shi ma aka ba Styron, ba ya shiri da sinadarin tiramin da ke cikin tsohon cuku da wasu nau'o'in giya, domin hawan jini kan yi tashin gwauron zabo. Mafi muni kuma shi ne dabarar ajiye magani ranar Asabar don a sami damar sha, domin ta nan ciwon ke samun ƙofar komowa.

Kammalawa

*Darkness Visible* littafi ne da ya cancanci kowane ɗalibin adabi ya karanta, musamman don ya ga yadda ake siffanta ciwon da ba ya da rauni a fata. Amma a karanta shi da sanin cewa mai ba da labarin masoyi ne yake maganar tsohuwar masoyiyarsa, shaidarsa a kanta ba ta isa hujja ba. Muna kira ga marubutan wannan ƙungiya da su ba mu labari ko wasan kwaikwayo wanda tauraronsa mara lafiya ne da ya zauna gaban likita ya faɗi abin da yake sha ba tare da ɓoyewa ba. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon zai tona shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.