Albasar Aliero, Mai Sa Hawayen Daɗi

In dai ana zancen albasa, ni a wurina a kira Aliero kawai a rufe baki. Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Tambuwal a watan Maris ya san abin da nake nufi. Tun kafin mota ta shiga gari warin albasa zai tare ka, ga buhuna jibge a bakin titi, tireloli na lodi za su yi kudu.

Amma wadda ta sace mini zuciya ita ce ta wani dattijo da nake saye a wurinsa, wanda ba ya zuba wa fangalinsa komai sai kashin awaki da takin shanu da toka. In ƙwari sun taso, ganyen dogonyaro yake jiƙawa ya fesa. Wayyo albasa! Ƙanana ce, ja jawur, ɓawonta na ƙaras-ƙaras kamar takarda, wuyanta a tsuke. Ka matsa ta da yatsa ka ji kamar dutse. Wuƙa na taɓa ta idona ya kawo ruwa, da uwargida ta jefa guda ɗaya a mai kuwa har maƙwabta sai da suka leƙo. Lawashinta ma ba a yar da shi, gabu aka yi mana, muka sha miyar kuka har damina.

Ranar farko na ce masa, "Baba, ai ta maƙwabcinka ta fi girma, kuma ta fi araha."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, saye duka biyun ka aje. Mu haɗu bayan ruwa ya sauka."

Na kuwa aje. Ƙatuwar nan da ta sha yuriya ruwa ne cikinta, kafin watan Agusta rabinta ya ruɓe, saura ya tsiro. Ta Baba ko gezau. Nan kuɗin yake, domin lokacin girbinta albasa kusan kyauta ce, sai ƙarshen shekara take zama zinariya, kuma wanda tasa ta jure zaman ajiya a rudu shi ke dariya a kasuwar Jega.

Tsada kam akwai ta, ba zan ɓoye ba. Takin gargajiya ba ya kai kansa gona, sai an biya amalanke, an jira ya ruɓe, an yi ta cirar ciyawa da hannu saboda irin hakin da ke zuwa cikinsa. Buhunan da za a samu ba su kai na mai takin zamani ba. Ga man injin ban ruwa da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a 2023. Dillali kuma girma yake dubawa, ba ruwansa da me aka zuba.

Ni kam na riga na kama buhu biyu na bana tun albasar na ƙasa, na kuma roƙi Baba ya ware mini lawashin.